Wace ƙaramar dabba zan samo wa 'yata a gidan haya?

Malamar Firamare, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa kiwon abin da hannunsa.

Ina da 'ya mai shekara 9, ita kaɗai Allah ya ba mu zuwa yanzu. Yarinya ce mai shiru-shiru, ko yara sun cika tsakar gida ita tana gefe. A hutun da ya wuce mun kai ta wurin kakarta a ƙauye, aka dace wata akuya ta haihu, to tun da ta dawo ba ta da zance sai na ɗan akuyan nan. Kakarta ta ce har tasowa take yi da asuba ta je ta duba shi. Ban taɓa ganin ta sake da wani abu haka ba, shi ya sa nake son in samo mata wata dabba tata ta kanta.

Akuya kam ba inda zan kai ta. Muna Tudun Wada, gidan haya, ciki da falo, tsakar gida ɗaya da wasu iyalai uku, kuma duk siminti ne. Abin da nake da shi shi ne wani ɗan lungu a bayan ɗakin girkina, wanda inuwar darbejiyar maƙwabta ke rufewa daga azahar. Ni da ita muna fita ƙarfe 7 na safe, mu dawo wajen 2, da la'asar kuma ta wuce Islamiyya. Maigida yawanci yana kan hanya, sai dai yana da asma, lokacin hunturu yana shan wahala sosai.

Abin da zan iya fitarwa a farko bai wuce naira 15,000 ba, har da wurin kwanan dabbar, kuma ba na son abin da zai riƙa cin albashina duk wata. Ina son wadda za ta iya ɗauka ta rungume, ba cizo, ba ƙara, ba warin da zai haɗa ni faɗa da matan gida. Wata maƙwabciya ta ce za ta ba ni 'yar kyanwa kyauta. Abokiyar aikina ta ce zomo. Na kuma ga masu sayar da ƙananan kunkuru a bakin titi, suna cewa ba ya cin komai sai ganye. Ni kaina tun ina yarinya aku nake sha'awa. Wanne ya dace da mu?

Mai Tattabaru, Kano

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya raya mana ita. Ni tun ina saurayi nake kiwon tattabara, yanzu har jikokina sun shiga ciki, don haka zan faɗa miki abin da na sani a kanta da gaskiya, mai daɗi da mara daɗi.

Wajen araha babu kamarta. Ki sayi mace da namiji, ki kafa musu akwati ko tsohuwar tukunya a sama, ki rufe su kamar mako biyu zuwa uku su san gida, sannan ki sake su. Gero ko dawa tafin hannu ɗaya safe da yamma, da ruwa mai tsabta, shi ke nan. Ƙwai biyu take yi, su yi kwanci kwana 18 ko kusa da haka, namiji ya karɓa da rana mace ta kwana a kai. In 'yan shila suka fito su biyun ne ke ba su abinci baki da baki. Yaro ya zauna yana kallon wannan, wallahi karatu ne babba. Kuma yaro ya riƙe tsuntsu ba laifi ba ne in ana ci da shi, ga hadisin ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, da ɗan tsuntsunsa da Manzon Allah (SAW) yake tambayarsa labarinsa.

Amma ki lura da abin da kika ce: tana son abin da za ta rungume. Tattabara za ta saba da ita har ta sauka a hannunta ta ci gero, amma ba ta son riƙo. Sannan tsakar gidanku na mutane da yawa ne. Za su sauka a kan igiyar shanya su ɓata wankin mutane, in wata ta shanya gero ko tsaki a tabarma su ne za su fara zuwa. Na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan haka. Ga shaho, ga muzurun unguwa, ga yara masu danƙo. Ranar da aka wayi gari ɗaya ba ta dawo ba, yarinya mai irin zuciyar 'yarki za ta sha kuka. Kuma ƙurar gashinsu da busasshen kashinsu ba su yi wa mai asma kyau. Ina son tattabara, amma a gidanki ban ba ki shawararta ba. Ki bari sai Allah ya hore muku naku gidan.

Hajiya Kaka, Katsina

'Yata, ki karɓi kyanwar nan da aka ce za a ba ki. Me za ki je nema a kasuwa ga abu Allah ya kawo miki har gida? Ba keji, ba sayen ciyawa, ba a share mata wuri in kin koya mata inda za ta yi, tana kuma kore miki ɓera. Ni tawa tana kwana a ƙafafuna, in na idar da sallar asuba ta zo ta hau gefen darduma ta zauna har in gama lazimi. Babu dabbar da ta kai ta iya zama da mutum mai shiru. Kuma ba ƙazanta ba ce a addini, a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu. Abin da aka tsoratar da mu shi ne a ɗaure ta a hana ta abinci, kamar matar nan da ta shiga wuta saboda haka.

Sai dai in gaya miki, tana da ɗan hali. In maƙwabciyarki ta bar kifi a buɗe, to a shirya ba da haƙuri. Ki riƙa ƙosar da ita, kan kifi da ɗan romo da tuwo, sata za ta ragu. Batun maigidanki kuma, kada ta shiga uwar ɗaka, ta tsaya a falo.

Maman 'Yan Biyu, Jos

Malama sannu da ƙoƙari. Hajiya ta yi gaskiya a kan kyanwa, amma ni zan yi magana a kan zomo da ɓeran Masar, don duka biyun ina da su a bayan gida.

Zomo ba abin da mutane suke zato ba ne. A ido ga laushi ga kyau, amma yawancinsu ba sa son a ɗaga su daga ƙasa. Da zarar ƙafafunsa sun bar ƙasa sai ya tsorata ya fara harbi da na baya, kuma faratansa suna yanka. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna har yanzu akwai tabo a damtsensa. In ya fizge ya faɗo kuma yana iya karya bayansa. Ɗaukarsa ta kunne da ake yi a kasuwa azaba ce, a daina. Fitsarinsa yana da ƙarfi sosai, in kika kwana biyu ba ki wanke wurin ba duk gidan zai sani. Ga haihuwa: cikinsa wata ɗaya ne kacal, in kika haɗa mace da namiji kafin shekara ta zagayo kin zama mai kiwo ko kina so ko ba kya so. In nama ko ciniki ake nema zomo ya yi, har cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika kusa da ku tana bincike a kan kiwonsa. Amma 'yarki ƙawa take nema.

Ɓeran Masar shi nake ganin ya dace da ita. Kada sunan ya tsorata ki, ba shi da jela, ba ya hawa bango, ba ya dogon tsalle, ba ya shiga buhun hatsi. Asalinsa ma daga duwatsun Andes ne a Kudancin Amurka, wajen ƙasar Peru, inda mutane suka daɗe suna kiwonsa a cikin gida. Girmansa bai fi ki tallafe shi da hannu biyu ba, nauyinsa kilo ɗaya ko ƙasa da haka. Da wuya ya yi cizo. Kwanakin farko zai riƙa ɓuya, to kada ta bi shi da hannu. Ta zauna kusa da akwatin ta miƙa masa ganye ta yi shiru, abin da na ji 'yarki ta iya. Cikin mako biyu zai fara karɓa daga yatsunta. Nawa in na ɗora ɗaya a cinya a kan tsohon zane, sai ya miƙe ƙafa ya lumshe ido yana wani ɗan gurnani a hankali, kina jin motsinsa a tafin hannunki. Kuma sun san ƙarar ledar kayan miya. Ina shigowa daga kasuwa, kafin in ajiye jaka sun fara fito gaba ɗaya sun ɗaga hanci sama. Ƙarar ba ta kai ta dami maƙwabci ba.

Ga abin da za ki kiyaye. Kada ki sayi ɗaya, kaɗaici yana sa shi ya daina cin abinci, a ƙasar Siwizalan ma doka ta hana ajiye shi shi kaɗai. Ki sayi guda biyu duk mata, kuma ki sa wanda ya sani ya duba miki, don masu sayarwa sukan ce mata ne alhali akwai namiji. Macen tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata ɗaya da 'yan kwanaki, cikin kuma wata biyu ne da ɗan ɗori. Abinci kuwa ciyawa ce kan gaba, ɗanya da busasshiya, kada ta yanke musu dare da rana, saboda haƙoransu ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Da rani ki sayi harawa ɗauri ɗaya wurin masu abincin tumaki, za ta daɗe miki. Sai ki riƙa ƙara musu ɗan tattasai, ganyen zogale, kokwamba, ɓawon karas, ɗan kabeji kaɗan. Wannan ɗanyen ganyen dole ne kullum, don jikinsu ba ya haɗa bitamin C da kansa, kamar dai mu mutane. In babu, sai ki ga ƙafafu sun kumbura ya kasa tafiya. Ban da albasa, ban da tafarnuwa, ban da ganyen dankalin Turawa, ban da tuwo da sauran dafaffen abinci. Ciyawar bakin titi ko ta gonar da aka yi wa feshi ita ma a guje ta.

Mai sayar miki da kayan miya in kin saba da shi zai riƙa tara miki ganyen da ake zubarwa. Ni kusan ba na kashe komai a kansu sai kuɗin harawa.

Abu ɗaya ne ke damuna da Zariya: zafi. Mu a Jos Allah ya hutar da mu, amma ku a watan Maris da Afrilu kun san yadda gari yake. Shi da zomo duka ba sa jure zafi, da ya wuce digiri 30 sun fara galabaita. Kin ce lungunki sai azahar yake samun inuwa, ke kuma a lokacin kina makaranta. Wannan ranar ta hantsi kaɗai ta isa ta kashe su. Sai kin yi rumfa ta zana ko ta buhu, ba ta kwano ba.

Likitan Dabbobi, Kaduna

Malama, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya sani. Zan fara da biyun da ba a taɓa ba.

Ki cire aku daga lissafi. Akun nan mai ruwan toka da jan wutsiya yakan rayu shekara 40 zuwa 60, wato zai iya wuce ke da kika saye shi. Yana da ihu, bakinsa yana fasa yatsa, kuma in aka bar shi shi kaɗai daga safe zuwa rana kullum sai ya fara fige gashin jikinsa. Kuɗinsa ya ninka abin da kika ware sau da yawa. Yawancin waɗanda ake yawo da su kuma daga daji aka kamo su, an kusa ƙarar da su a wurare da dama, shi ya sa a 2016 aka sa shi a jerin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe.

Kunkuru ma haka. Wanda aka fi sayarwa a arewa irin na Sahel ne, kuma shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya. Wannan ɗan ƙaramin da kika gani zai iya haura kilo 50, ya rayu fiye da shekara 70, kuma rami yake haƙawa ya shiga. A kan siminti wahala zai sha. Ba ya sabo irin wanda yarinya ke nema, kuma yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela da ke sa yara zawo da zazzaɓi.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, ina tare da ke cewa kyanwa ta fi kowace dabba a nan iya zama da mutum. Da babu mai asma a gidan da ita zan zaɓa. Amma abin da ke tayar da asmar yana cikin yawunta da fatarta, tana lasar jiki ya bushe ya bi iska, ya manne a labule da kujera da katifa, ya yi watanni ko bayan an fitar da ita. A ciki da falo, hana ta shiga uwar ɗaka ba zai raba iskar ba. Sannan kyauta ce a ranar farko kawai. Akwai allurar ciwon haukan kare tun tana wata 3, a riƙa maimaitawa, akwai maganin tsutsar ciki da na ƙuma, in mace ce kuma ko a yi mata aikin hana haihuwa ko ki riƙa neman masu karɓar 'ya'ya sau biyu ko uku a shekara. Tana kuma kai shekara 12 zuwa 15. Ga duk mai kyanwa da ke karanta wannan: kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, yana kashe ta.

Ɓeran Masar ya fi kusa da abin da kika lissafa, amma kada a ɗauka shi ba ya tayar da asma. Yana yi wa wasu, ƙurar harawa ma tana yi. Bambancin shi ne zai zauna a waje, ba ya yawo a ɗaki. Kafin ki kashe ko sisi, ki nemi gidan da ake kiwonsu, maigida ya je ya zauna kusa da su na ɗan lokaci, ya taɓa su, da maganinsa na shaƙa a aljihu. In ya ji ƙirji ya ɗaure ko atishawa ta taso, magana ta ƙare. In lafiya, to 'yarki ta ware riga ɗaya ta wasa da su, ta wanke hannu da sabulu duk lokacin da ta gama, harawa kuma kada ta kwana a ɗaki.

Akwati ki sa kafinta ya yi miki na katako, tsawo santimita 120, faɗi 60, ga guda biyu. Ƙasansa ya zama katako, don waya tana ji musu ciwo a tafin ƙafa. Gefe da sama a sa waya mai ƙananan ido, da murfi mai sakata, saboda muzuru da gafiya. A ɗaga shi daga ƙasa, a shimfiɗa tsohuwar jarida da busasshiyar ciyawa, a canza duk kwana biyu ko uku, ba za ki ji wari ba. Lokacin zafi ki jiƙa buhu ki rufa a gefe ɗaya, ki kifa musu jiƙaƙƙen kasko ko fasasshen tulu su shiga ƙarƙashi. In an yi feshin maganin sauro ko an zuba fiya-fiya, a nesanta su. In ɗaya ta yini ba ta ci ba, kada ki jira gobe, kuma kada ki ba ta ragowar maganin mutane, musamman amoksisilin da danginsa na fenisilin, suna lalata musu hanji su mutu. Kuna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ki kai ta can.

Abu na ƙarshe, kuma shi nake gaya wa duk iyayen da suka zo mini da wannan tambaya. Ɓeran Masar yana rayuwa shekara 5 zuwa 7. 'Yarki za ta kai 15 suna nan, wataƙila tana makarantar kwana. Yaro yana ɗoki wata biyu ko uku, daga nan shara da neman ganye su dawo kan uwa. Ki tambayi kanki ko ke kina son su, ko za ki iya tsugunawa ki share akwati ranar da kika dawo a gajiye da takardun jarrabawa a jaka, da kuma wanda zai duba su in kun tafi ƙauye hutun sallah.

Malamar Firamare, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba mai tattabaru, yadda ka hana ni abin da kai kanka kake so ya sa na ƙara yarda da maganarka. Hajiya, ki yi haƙuri, raina ya so kyanwar nan, na je na gan ta ma, fara ce da baƙi a kunne ɗaya. Amma na sha zama da maigida cikin dare yana neman numfashi, ba zan kawo abin da zai ƙara masa ba.

Likita, tambayarka ta ƙarshe na kwana da ita. Amsar ita ce e, zan iya, in dai guda biyu ne ba su ƙaru ba. Na yi magana da matan gidan tun kafin in yanke shawara, biyu sun ce ba damuwa, ta ukun ta ce ita dai kada ta gan su a bakin ƙofarta, na ce ta kwantar da hankalinta. Ɗiyarta babba ma ta ce za ta riƙa ba su ganye in mun yi tafiya.

Mai gadin makarantarmu ya ce ƙaninsa yana kiwonsu a Samaru, in maigida ya dawo ranar Juma'a za mu je ya gwada zama kusa da su kamar yadda aka ce. Yarinyar ban gaya mata komai ba tukuna, kada in sa mata rai abin ya zo bai yiwu ba. In an dace, zan fara da rumfar zana da akwati, dabbobin kuma sai ruwa ya sauka gari ya yi sanyi, ga ciyawa ko'ina a lokacin.

Maman 'Yan Biyu, saura tambaya biyu gare ki. 'Yan wata nawa ya kamata in saya don su yi saurin sabawa da ita? Kuma ruwan sha a me kike ba su, don na ji an ce suna kifar da kwano su jiƙa shimfiɗarsu?